Rabe-raben Masu Zuba Man Giya a Ƙasar Ƙwanni

Motar da ake sa wa giya da hannu tana da akwati a jikin injinta, cike da haƙoran ƙarfe masu cizon juna, kuma man da ke ciki, wanda bai cika wuce lita biyu zuwa uku ba a ƙaramar mota, shi ne ke hana su cinye juna. A bakin masu mota man nan iri biyu ne: na kamfani, wato mai ɗauke da sunan maƙerin motar kamar Toyota ko Peugeot, da na kasuwa, wanda ya haɗa da na sanannun kamfanonin mai da kuma wanda ake aunawa daga ganga, ba suna ba asali. A kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Birnin Ƙwanni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi, wannan zaɓi ya raba masu mota gida-gida, kowane gida yana kallon sauran a matsayin masu kashe mota da gangan.

Akwai mai littafi, wanda galibi tsohon ma'aikaci ne, kuma yana ajiye littafin motarsa cikin leda duk da cewa motar ta biyo ta Kwatano ne daga Turai, littafin kuma da Jamusanci aka rubuta shi. Ba ya yarda da man da ba ya ɗauke da tambarin kamfani, don haka yakan aika har Yamai, tafiyar fiye da kilomita 400, a sayo masa galan guda, motar kuwa ta yi ta jira a zaure har kaji su saba da inuwarta. Abin da ba ya son ji shi ne, maƙeran mota ba sa tace mai da kansu, kamfanonin mai suke ba kwangila su haɗa musu su zuba a galan mai sunansu, kuma mai yin jabu ma tambarin yake fara kwaikwayo.

Abokin gabarsa shi ne mai kauri, wanda aka fi samu cikin direbobin da ke lodin albasar Galmi. Hujjarsa ita ce zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, ba ya barin mai tsinkakke, saboda haka yakan lakato man ya murza tsakanin yatsu biyu, in bai yi yauƙi kamar miyar kuɓewa ba ya ce da mai shago, "Alhaji, wannan ai ruwa ne." Lambobin da ke jikin galan, irin su 75W-90, sun riga sun amsa tambayarsa, domin ta farko tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa bayan ya ɗauki zafi. Shi dai lamba 140 yake so, wadda aka fi yi domin haƙoran da ke juya ƙafafun baya na manyan motoci, idan kuma hunturu ya shigo giya ta biyu ta ƙi shiga da asuba sai da hannu bibbiyu, karen mota ne ke shan faɗa.

Mai lissafi ya fi shi ilimi, shi ya sa ɓarnarsa ta fi tsada. Ya ga an rubuta GL-4 a wani galan, GL-5 a wani, sai ya yanke hukunci cewa biyar ta fi huɗu a ko'ina cikin duniya. Alhali waɗannan alamu, da cibiyar man fetur ta Amurka ta tsara, aikin mai suke bambantawa, ba darajarsa ba. Man GL-5 yana ɗauke da ƙarin sinadarin farar wuta domin jure matsi mai tsanani, wanda a wasu akwatuna kan cutar da zobban tagulla masu daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, kuma ƙarar "ƙarrr" da akan ji daga baya kukan zobban nan ne.

Ɗan iyaka ba ruwansa da wannan duka, farashin canji ne malaminsa: in naira ta faɗi man Illela ta Nijeriya ya fi kowane inganci, in ta farfaɗo ya tuna da kishin ƙasa. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, irinsa da yawa sun gano cewa tsohon man da ke cikin motarsu bai gaji ba tukuna.

Dattijon da ya yi zamani da Fijo 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, baƙin man inji yake zubawa a akwatin giya, kuma yana da gaskiya a kan waccan motar, domin haka maƙerinta ya tsara. Matsalar ita ce ya mai da hukuncin 504 shari'ar kowace mota, kuma babu yaron garejin da zai iya ce masa komai sai "To, Baba."

Mafi yawa kuwa su ne waɗanda ba su shiga gardamar ba sam, irin masu jigilar 'yan cin kasuwar Badagishiri, waɗanda ke juyen man inji a kan kari amma ba su taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba. Sai ranar da giya ta fara fita da kanta a tsakiyar hanya, bakanike ya kwance noti, wani abu baƙi ƙirin da bai cika kofin shayi ba ya ɗigo tare da garin ƙarfe, sannan mai motar ya durƙusa ya tambaya, "Malam, dama nan ma ana zuba mai?"