Masu Zaɓen Kafireta

A Kaura Namoda, idan bakanike ya sauke injin tsohuwar Fijo 504 ya sa masa sabon fistan da ringi, rigima ba ta fara ba sai ranar zaɓen kafireta. Motar nan, wadda kamfanin PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya daɗe yana haɗawa, ta sha miya. Motocin zamani duk sun koma injekta, amma masu riƙon Fijo ba su saki ba.

Aikin kafireta gauraya iska da fetur ne, kusan awo 15 na iska ga awo ɗaya na mai bisa nauyi. Mai ya yi yawa, salansa ta yi baƙin hayaki, fulogi ya yi kunkunniya. Ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi yana tari. Lissafin ke nan. Sai dai kowa da halinsa yake shiga gareji.

Ga Alhaji mai tsimi. Tun 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai, duk ɗigon fetur daga jijiyarsa yake fita. Kafin ya gama sallama ya ce, “Malam, a matse mani ita.” A sa ƙaramin jet, ya ce a ƙara matsewa. Shi ne mai kashe mota a kan gangara, ya bar ta ta tafi da ikon Allah. Bayan 'yan watanni bawul ya ƙone, abin da ya tara a gidan mai ya zube shi a gareji, ya kuma rantse bakanike ne ya cuce shi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne ɗalibin Foli. Ya kwana a waya yana kallon Amurkawa suna ɗora wa Mustang kafiretar Holley mai baki huɗu, gari na wayewa ya iso da hoto: “Oga, irin wannan nake so.” Ba ruwansa da cewa waccan motar silinda takwas gare ta, injinta ya kai lita biyar ko fiye, ita kuwa Fijo silinda huɗu ce, lita biyu. Kamar a sa wa ɗan yaye babbar rigar hakimi ne. Idan maƙogwaron kafireta ya fi ƙarfin inji, iska ba ta wucewa da saurin da za ta zuƙo mai, sai ka taka totur mota ta shaƙe tana neman mutuwa. A yi masa wannan bayani, ya ce ai a bidiyo ba haka aka yi ba. Motar ma ta babansa ce, kuma baban bai san an zo ba.

Sai tsohon direban gwamnati, wanda a wurinsa tun da Faransa ta ƙera Solex aka rufe ƙofar ilimi. Tasa yake kawowa, a naɗe cikin tsumma, tun ta zamanin Shagari. A nuna masa ta cinye tana shan iska ta gefe, ya ce, “Yaro, wagga kafireta ta girme ka.” A miƙo masa sabuwa 'yar Caina, ya auna ta a tafin hannu, ya ajiye ba tare da ya ce uffan ba.

Akwai kuma mai imani da 'yar Beljiyam, wato tsohuwar kafiretar da aka shigo da ita daga waje. Zai tafi har kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ya zaɓo wadda ta fi kowace datti, don shi datti ne shaidar asali.

Ni dai ina bayan direban haya mai bin hanyar Zurmi zuwa Jibiya, ko mai lodin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Ba ya tambayar suna ko ƙasa. Buƙatarsa ɗaya: ta tashi bugu ɗaya, kada ta mutu a daji, don hanyoyin nan a zamanin 'yan bindiga ba wurin buɗe bonet ba ne. Laifinsa kawai, yana shan man bumburutu mai ruwa da tsaki, ya cire matatar iska a tsakiyar hunturu wai don mota ta numfasa, sannan ya dawo yana tsine wa kafireta.

Duk waɗannan, mai gyaran kafireta yana jin su bai tanka ba. Ya wanke ta da fetur, ya hura jet da baki, ya tofar, ya kara kunne yana murza sukuru har sulo ya daidaita.

A kan benci kuwa ga mai ba da shawara, wanda ko keke bai mallaka ba. Tun safe yake nan, ya goyi bayan Alhaji, ya goyi bayan ɗalibi, ya ce tsoho ma yana da gaskiya. Da aka tayar da inji ya girgiza kai: “Ni da ku ne, sayar da ita zan yi in sayi Golf.” Ya kakkaɓe riga, ya leƙa taga. “Maigida, Shinkafi za ka? Rage mani hanya mana.”