Tsegumi: Ina Dalar 'Yan Jitar Agadas Ke Maƙalewa?

Ku matso kusa, jama'a, maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce. Kunnenmu ya kwana biyu a wajen 'yan jita, samarin nan masu rawani da kuke gani a waya suna tayar da ƙura a dandalin Turai da Amurka, kuna cewa ai waɗannan sun haye. To, wai da sauran rina a kaba. Abin da ake raɗawa a majalisun shayi na Agadas da Yamai shi ne, mutum zai yi wata biyu yana zaga garuruwan Turawa, ya dawo ya tarar dangi sun cika tsakar gida suna jiran tsaraba, shi kuwa a zuci lissafinsa ɗaya: bikin wa za a kira shi a ƙarshen mako?

Mu fara da wanda kowa ya sani, Mdou Moctar, bahagon nan da jita ke kuka a hannunsa. Mutane da yawa ba su san a Sakkwato aka ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008 ba, da irin na'urar lanƙwasa murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Babu kamfani, babu talla. Daga wannan memori zuwa wancan waƙar ta riƙa yawo a wayoyin Sahara, har ta faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, ya shiga cigiyar mai ita. Sakkwatawa, kuna da la'ada a wannan ciniki, sai dai ban ga mai biya ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ranar 26 ga Yuli, 2023, da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, Mdou da abokan kiɗansa biyu, Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim, suna tsakiyar rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki, hanyar gida ta toshe. Me kuke zaton ya faru? Sai da aka buɗe musu asusun neman taimako a GoFundMe don kuɗin masauki da abinci. Ku dubi wannan da kyau. Ƙungiyar da kamfanin Matador ya ɗauka, wadda kundinta Afrique Victime na 2021 ya sha yabo a manyan jaridun duniya, ita ce zaman 'yan makonni ba shiri ya sa aka yi wa karo-karo. Duk mai cewa ɗan jita na kwana kan dala, wannan kaɗai ya ishe shi amsa. Su dai ba su zauna zugum ba: suka shiga situdiyo a Brooklyn, suka sake ɗaukar waƙoƙin kundinsu Funeral for Justice da kiɗa mai sanyi, abin da ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice. Kundi guda cur, albarkacin rashin jirgi.

To ina kuɗin ke zuwa? Wani da ya san takardun harkar ya zayyana mana, har shayinmu ya huce. Kafin ka taɓa jita a Amurka sai an nema maka izinin aiki na masu wasa. A da dala 460 ake biya wa takardar. Daga Afrilun 2024 ta haura dala 1,000, ban da wani ƙarin da aka liƙa mata. In lokaci ya ƙure kana son a hanzarta, ka tanadi wasu fiye da dala 2,500. Ba a zo kan lauya ba, ba a zo kan tikitin jirgin mutum huɗu ko biyar ba. Ka yi wasan lafiya, hukumar harajin Amurka na da ikon riƙe kashi 30 cikin ɗari na kuɗin baƙon mawaƙi tun kafin ya gan su, sai in an riga an ƙulla yarjejeniyar rangwame da ita. Dillalin da ya samo wasan ya cire nasa, manaja ya cire nasa, ga hayar mota, ga mai, ga otal. Abin ya zama naman Sallah a gidan yawa: kafin a zo kan mai ragon, sai kai da ƙafa.

Shi ya sa, in ji masu bin su, da an sauka daga dandali ba hutu ake yi ba, teburin sayar da riguna da faifai ake rugawa. Can ne kuɗi ke shiga hannu da ɗuminsu. Kuɗin sauraro a intanet kuwa, a bar kaza cikin gashinta.

Ƙofofin ma sai rufewa suke. A Satumban 2023 wata takarda ta fito daga hukumomin Faransa tana umartar gidajen wasa su dakatar da hulɗa da masu fasaha na Nijar, Mali da Burkina Faso, har sai da surutu ya yi yawa aka fara gyara zance. Farkon 2024 ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe. Mai neman biza ya zama matafiyi tun kafin tafiyar: daga Agadas zuwa Yamai kilomita fiye da 900, kan hanyar Tawa da duk direba ya san halinta, sannan a tsallaka wata ƙasa a bi layi.

Ga kuma ƙananan maganganu na cikin gida, waɗanda ba za mu kama suna ba, don muna son a ci gaba da ba mu shayi. A gida ƙungiya kan kai mutum goma, amma kujerun tafiya huɗu ne ko biyar. Wa za a ɗauka, wa za a bari? Nan zumunci ke fara tsami, musamman da yake yawanci wa da ƙane ne da ɗan baffa. Sai rabon kuɗi: wanda sunansa ke kan fosta da wanda ya kwana yana dukan ganga, wai ba a cika tashi daga wannan zama ana dariya ba. Akwai kuma rigimar wa ya ƙirƙiri waƙa. Waƙar da kowa ke rerawa a biki ba mai tambaya, ranar da Bature ya kawo takarda a sa hannu sai ta yi iyaye uku.

Abin da ke riƙe su tsakanin kundi da kundi, tsakanin rangadi da rangadi, biki ne da suna. Etran de L'Aïr tun 1995 suke kiɗan aure a Agadas, kuma fitarsu waje ba ta sa sun daina ba. Tal National na Yamai, waɗanda kamfanin FatCat na Ingila ya fitar wa Kaani a 2013, sun yi suna da kiɗan sa'o'i biyar a dare guda, ga su da yawa har sukan rabu biyu su yi wasa wuri biyu lokaci ɗaya. Jagoransu Almeida kuwa an san shi da aikin shari'a a kotu. Da rana alƙalami, da dare jita. Shi ma Mikey Coltun, Ba'amurken da ke kaɗa wa Mdou jitar bes, ya sha hawa motar haya zuwa Agadas, ya tsaya cikin ƙura ya yi kiɗan biki kamar kowa. Bombino ya kai har jerin 'yan takarar Grammy da kundin Deran na 2018, ɗan Nijar na farko da ya taka wannan matsayi, amma suna daban, aljihu daban.

Saboda haka dangi, in ɗanku ya dawo daga rangadi, ku bar shi ya kwance rawani ya sha ruwa kafin ku miƙo takardar magani da kuɗin makaranta. Ku kuma masu biki, ku daina cewa ai sun ci dala, a rage musu. Ku biya su cikakke, ku yi liƙi da hannu biyu, don kuɗinku ne ke sayen tsirkiya da man janareto. Wanda ya ji haushi, mu haɗu mako mai zuwa. Akwai saura a jaka.