Jagora ga Mai Son Miƙa Harsashin Gidansa ga Gara da Gafiya

Harsashin gini, wato ɓangaren da ke binne a ƙasa yana ɗauke da nauyin bango da rufi, abu ne mai haƙuri ƙwarai, don haka maigidan da ya ƙuduri aniyar ganin bayansa yana buƙatar ma'aikata masu naci, waɗanda ba sa neman lada kuma ba sa tafiya hutun salla. A ƙasar Hausa babu waɗanda suka cika waɗannan sharuɗɗa kamar gara da gafiya, sai dai dukkansu ba sa zuwa sai an gayyace su, kuma gayyatar tana da ladubbanta.

Ana fara ta ne tun ranar haƙa. Ya kamata a bar kututturen bishiyar da aka sare a ƙarƙashin daɓe, a kuma ƙyale birkila ya binne katakon da aka tare kankare da shi, domin abincin gara shi ne duk abin da ya fito daga tsiro, kama daga icce da kara har zuwa takardar filin da ke cikin akwati. Gara ba ta cin siminti, amma tsagar da allura za ta shiga da ƙyar ta ishe ta hanya, kuma da yake iska da rana suna busar da jikinta, takan gina siririyar hanyar laka mai rufi ta bi bango da ita zuwa sama. Idan maigida ya ga wannan jan layi a bayan ƙofa, kada ya kankare shi, balle ya bi sawunsa zuwa suri, inda sarauniya take kwance tana saka dubban ƙwai a kullum. Haka nan idan shinge, wato garar da ke fitowa da fukafukai bayan ruwan farko, ya yi dafifi a kan fitilar tsakar gida, ya isa a tara shi a soya, ba tare da an tambayi daga wane rami ya fito ba.

Danshi shi ne jigon al'amarin. Indararo, wanda magina suka tsawaita domin ya jefa ruwan soro nesa da gindin bango, sai a bar shi a karye, ta yadda markar Agusta za ta riƙa sauka daidai kan harsashi. A jingina itacen girki da karan dawa a jikin katanga, a yi watsi da yaɓen shekara-shekara, a kuma manta da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake haɗawa da ƙasa domin ya hana ruwa shiga. Azarar giginya ma ba ta dace da wannan shiri ba, saboda taurinta yana ba gara wahala. Katako mai araha wanda bai ga ko baƙin mai ba ya fi.

Aikin gafiya ya fi sauƙin fahimta, tun da ita haƙa take yi. Babbar dangin ɓera ce da kan wuce kilo 1, tana da aljihu a kumatu da take jidar hatsi da shi zuwa ɗakunan ajiyarta na ƙarƙashin ƙasa, kuma a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya har horar da 'yan uwanta ake yi su sansano nakiyoyin da aka binne, abin da ke nuna cewa a nan gida baiwarta ake ɓarnatarwa. Domin a jawo ta, a ajiye buhunan gero a ƙasa kusa da bango, a kuma zubar da ƙanzo da sauran tuwo a bakin kwata, gama idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ramin da ta haƙa shi ne zai zama magudanar ruwa idan damina ta kankama, ruwan ya kwashe ƙasar da harsashi ya dogara a kanta, sannan ƙofa ta fara cijewa, tsaga ta taso daga kusurwar taga.

A wannan mataki ana shawartar maigida ya shafe tsagar da fenti, ya kuma shaida wa maƙwabta cewa sammu aka yi wa gidan. Wanda ya kiyaye waɗannan ƙa'idoji ya kwashe iyalinsa daga ɗakin kafin Agusta, domin ruɓaɓɓen bango ba ya sallama idan zai faɗi.