Wa Ya Binne Wayar Nan?

Na san ku. Tun ban buɗe baki ba kun karkace hula kun ce, "Malam, mu dai a ba mu sabis, ina ruwanmu da wanda ya haƙa rami?" Madalla. Ku adana maganar nan, zan tuna muku da ita ranar da kuka tsaya gaban mai POS a Kasuwar Kure, an zare kuɗi daga asusunku, takarda ta ƙi fitowa, mai shinkafa kuma ya ɗora ƙafa kan buhunsa. Ku kuwa Nufawa, bayina na gado, ku matso kusa, Bakatsine zai yi muku karatu kyauta. Ba kullum nake wannan alherin ba.

Gardamar da ake tafkawa a majalisarmu ita ce: kamfanin waya ya riƙe ma'aikatansa na gida masu albashi su yi masa aikin turaku da wayoyin ƙarƙashin ƙasa, ko kuwa ya ba da kwangila ya huta?

Bari in fara da dattawa, don girma nasu ne. Alhaji, ranka ya daɗe, na ji ka ce da zamanin NITEL ne da ba a yi haka ba, domin ma'aikacin nasu ne, motar tasu ce, tsanin ma nasu ne. Gaskiyarka. Tun 1985 aka kafa ta. Sai dai zuwa 2001 layukan wayar girke a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan ɗari. A nan Minna, gidan da ke da lamba mai farawa da 066 kallon gidan sarauta ake masa, maƙwabta su yi wanka su sa turare don za su je amsa kira. Ƙarshenta a 2015 aka miƙa NITEL ga kamfanin NATCOM kan dala miliyan 252. Lasisi ɗaya tak na wayar salula a gwanjon 2001 dala miliyan 285 aka saye shi. Wato gidan gaba ɗaya, da tsaninsa da motocinsa, bai kai kuɗin takarda guda ba. Kada ka ɓata rai, Alhaji, ga goro.

To ku samarin jami'a na Gidan Kwano, masu rataye da kwamfuta a baya, ku daina dariya, kanku na zo. Ku ne masu cewa zamani ya canza, kowa ya tsaya kan abin da ya iya. Kuna ma da hujja. A 2014 MTN ta miƙa turakunta sama da 9,000 ga kamfanin IHS, Etisalat ta sayar masa da sama da 2,000, Airtel kuma ta ƙulla cinikin wajen 4,800 da American Tower. Ƙarfen sabis ɗin da ke bayan gidanku a Tunga, wanda janaretansa ke hana ku barci, mai yiwuwa kamfanin layinku ɗan haya ne a kansa. Ƙarfe ɗaya ya ɗauki kamfani biyu ko uku, a raba kuɗin mai da na maigadi. Ban ƙi wannan ba. Ba wanda ke ajiye magini a albashi bayan an gama ginin gida.

Amma ku biyo ni unguwarmu ku ga abin da na gani da idona.

Wata safiya cikin hunturu, katafilar masu aikin magudanar ruwa ta kai cokalinta ƙasa, ta ɗago wani baƙin bututu, ta tsinka shi kamar taliya. Direban ko waiwaye bai yi ba. Kafin azahar rabin unguwa na yawo da waya sama, kamar masu neman wata. Sai bayan la'asar wasu matasa biyu suka iso a kan babur, rigunansu ba tambarin kowa. Ɗaya ya shimfiɗa kwali a bakin rami, ɗaya ya riƙe masa lema, ba don rana ba, don ƙura. Ya fere bututun, sai ga wasu zare-zare na gilashi, kowanne kaurin gashin kai, mai shuɗi, mai ruwan lemo, mai kore, mai ruwan ƙasa. Yana goge kowanne da auduga, ya datse bakinsa, ya jera shi cikin wata 'yar na'ura da ke narka baki biyu ta haɗe su. In ƙura ɗaya ta sauka, a sake. Tun daga ofis, in ji shi, wata na'urar ta harba haske cikin wayar ta faɗa musu nisan inda ta katse. Nisan ta sani, amma ta wane gefen titi wayar ta bi, wannan sai da suka yi ta tambayar masu shayi.

Na ce, "Samari, ku ma'aikatan kamfanin layin ne?" Suka yi dariya. Kamfanin layi ya ba wani babban kamfani, babban ya ba matsakaici, matsakaici ya ba wani oga mai ofis a cikin motarsa, ogan ya kira su. Na ƙirga da yatsu, hannu huɗu kafin a zo kan mai riƙe da lema. Kowane hannu kuwa sai ya lashi rabonsa.

Sai na leƙa ramin. Wayar da ya kamata a ce tana kwance a zurfin ƙugun mutum, ga ta nan ko gwiwata ba ta kai ba, ni da ba dogo ba. Kada ku zagi leburan da ya haƙa. Da mita ake biyansa, tsawo ake aunawa, ba zurfi ba. Kuɗin ne ya rame a hanya, ramin ya rame tare da shi.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Ai wannan labarin unguwarku ne kawai." Bawan Allah, ina kake ranar 28 ga Fabrairun 2024, da layukan MTN suka ɗauke na sa'o'i a sassan ƙasar nan, kamfanin da kansa ya ce wayoyin faiba, irin masu zaren gilashin nan, ne suka katse a wurare da dama? A watan Satumbar shekarar kuma ƙungiyar ma'aikatan sadarwa ta PTECSSAN ta shiga yajin aiki, akasarin kukan nata a kan yadda kamfanonin kwangila ke riƙe injiniyoyin da ke fita gyara. A shekarar dai Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya mai da kayan sadarwa kadarar ƙasa mai muhimmanci, wadda taɓa ta laifi ne. Umarni mai kyau. Sai dai cokalin katafila bai iya karatu ba.

Ga Minna kuma an tone ta ciki da bai tun da Gwamna Umaru Bago ya sa aikin tituna a gaba. Gwamnatinsa ta kuma yafe kuɗin da ake karɓa kan kowace mita ta shimfiɗa faiba, don jawo kamfanoni. Gwamnatin tarayya ita ma tana maganar shimfiɗa kilomita 90,000. Ma'ana wayoyi za su ƙaru a ƙasa, katafiloli na kai da kawo a sama.

Ra'ayina, tunda kun matsa: haƙa da kafa ƙarfe a ba ɗan kwangila, amma hannu ɗaya, kuma kada a biya shi sai ɗan gida ya zura sanda ya auna ramin. Gyara da tsaro kuwa aikin ɗan gida ne, mai albashi, wanda zai shekara goma a Minna har ya san wayar da ta bi ta gaban masallaci da wadda ta tsallaka kwalbati. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan kwangila in wa'adinsa ya cika, taswirar da ke kansa da ita yake hawa mota zuwa Suleja.

Za ku ce tsada. Ƙwarai kuwa. To ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a yi wa kuɗin kira da data a Janairun 2025, aljihun wa ya fito? Kun biya, kuna kuma ɗaga waya sama.

Matasan nan sai bayan isha'i suka gama, da fitilar waya. Suka mai da ƙasa da ƙafa, suka ɗora dutse a kai don alama. Washegari da safe na ga wani maƙwabcina Banufe ya ɗauke dutsen, ya kai ƙofar gidansa ya tokare tayar mota.