Yadda Na Cinye Watan Fabrairu

Goggona ce uwar adashin unguwarmu a Dandume tun ban san damana da haguna ba. Mata goma sha biyu, zubin dubu goma-goma, kwasa duk wata. Ba littafi, ba biro. Bangon ɗakinta ne ofis: in mace ta kwasa, a ja zane ɗaya da gawayi. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba, sai da Allah ya kawo ni.

Na dawo daga Zariya da 'yar takardar kwas ɗin kwamfuta da kuma ciwon da ke kama duk wanda ya fara ɗanɗana Linux, wato raina mai danna hoto. Na sa Termux a wayata, baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umarni kai tsaye. A majalisarmu ta bakin titin Funtua, inda manyan motoci ke lodin masara da waken soya, Injiniya ake ce mini. Ban taɓa gyara wa kowa ba.

Ranar Juma'a 31 ga Janairun 2025 na shiga gaida Goggo, na tarar an gama kwasar farkon sabon zagaye. Ta ce sababbin shiga suna son a rubuta musu ranar kowa a takarda.

"Goggo, wannan ai ko ruwan alwalarki ba zai huce ba na gama."

Kayan aikin biyu ne. Akwai seq, mai jero lambobi daga inda ka ce zuwa inda ka ce. Akwai date, wanda in ka ba shi rana ka ce ƙara kaza, sai ya faɗa maka inda aka sauka. Na haɗa su a layi ɗaya:

for i in $(seq 0 11); do date -d "2025-01-31 +$i month" +%F; done

Wato ɗauki yau, ƙara wata ɗaya, biyu, uku, har sha ɗaya. Kafin ƙiftawa layuka sun zubo. Na ƙirga, goma sha biyu cif. Ƙirgawa na yi, ban karanta ba. Na jera sunaye a gefe, na kai shagon buga takardu aka yi kwafi sha uku, ta Goggo har da sa mata leda mai ƙyalli da kuɗina.

Kwana biyu ana sa mini albarka. Rana ta uku wata 'yar sakandare ta karanta wa uwarta takardar da ƙarfi.

Aka aiko yaro ya kira ni. Tun daga zaure nake jin tsakar gida ta ɗauka. Na tsaya a bakin ƙofa, na yi sallama sau uku ba wanda ya amsa. Muryar da ta fi tashi ta mai ƙosan bayan masallaci ce, wadda ta roƙi a ba ta kwasa ta biyu takanas don ta sayi wake da mai da sukarin azumi kafin kaya su yi tsada.

"Hajiya, a tambayar mini ɗan nan, ina ya kai watan Fabrairu?"

Na zaro takardar daga aljihu, a karo na farko na karanta abin da na rubuta. Daga 31 ga Janairu sai 3 ga Maris. Sai 31 ga Maris. Sai 1 ga Mayu, sai 31 ga Mayu. Babu Fabrairu. Babu Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba. Watanni biyar sun yi ɓatan dabo, biyar kuma, Maris, Mayu, Yuli, Oktoba da Disamba, kowanne ya samu zubi biyu. Maris ɗin nan kuwa shi ake sa ran zai zama watan azumi sukutum.

"Zubi biyu da azumi? Gidan wa ake haƙo kuɗin?" in ji wata daga kan tabarma.

Na'urar fa ba ta yi ƙarya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ce ta ƙara wa 31 ga Janairu wata ɗaya, ta ƙara, ta sauka a 31 ga Fabrairu. Ta duba ta ga Fabrairun 2025 kwana 28 ne, rarar kwana uku, sai ta tura su gaba kamar mai awo da ya cika tiya ya zuba ragowar a ta gaba: 3 ga Maris. Afrilu kwana 30 ne, 31 ɗinsa ya zama 1 ga Mayu. Littafin da ke bayanin date ɗin ma ya yi gargaɗi a kan wannan ramin, ya ce mai lissafin watanni ya kama daga ranar 15, tunda babu watan da ya rasa ta. Ni dai karambanin akuya ya hana ni kaiwa shafin.

Na yi ƙoƙarin bayani daga bakin ƙofa. Na kawo 31 ga Fabrairu, wata ta ce innalillahi, yaron nan a kai shi a yi masa ruƙiyya.

A nan tsaye, gumi na bin bayana, na gyara. Dabarar ita ce a kama daga 1 ga wata mai zuwa a cire kwana ɗaya, sai kowane wata ya ba da ƙarshensa na gaskiya. Ga 28 ga Fabrairu, ga 30 ga Afrilu, tsaf. Na ɗaga wayar sama kamar wanda ya ciwo kofi.

"Goggo, an gyara. Kowa ƙarshen wata."

Sai a lokacin ta yi magana, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba.

"Wane ƙarshen wata? Wa ya ce maka ƙarshen wata muke zubi?"

"Ba 31 aka yi kwasar farko ba?"

"Mu ba mu san shi ba. Wata ne ya tsaya, ranar ɗaya ga Sha'aban, muka zuba. In na azumi ya tsaya mu sake. Abar taka tana ganin wata?"

Na ce a'a. Ta ce ko tana jin sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato? Na ce sai dai in na buɗe rediyon wayar. Ta ce to rediyo kam tana da shi.

An ga watan Ramadan da yammacin Juma'a 28 ga Fabrairu, aka tashi da azumi Asabar. A daren mai ƙosai ta karɓi dubu ɗari da ashirin ɗinta, Goggo ta ja zane na biyu a bango da gawayin da aka aike ni na sayo. Takardar ledar kuwa mai ƙosai ta roƙa aka ba ta. Duk yammacin azumin nan, in na je sayen na buɗa-baki, da ita nake tarar tana fifita wuta, kuma ba ta taɓa yi mini gyara ko ɗaya ba.