Daga Karu Zuwa Ulan Bator da Babbar Riga

Wani yaro mai sayar da tikitin jirgi ne ya cuce ni. Na ce masa ina son ganin kokawar Mongoliya, wadda nake kallo a waya, ƙarti suna rawar mikiya kafin su kama juna. Ya danna kwamfuta ya ce, "Alhaji, a Janairu kujera ta fi araha." Bai faɗa mini dalilin arahar ba. Ita kokawar, a bikin Naadam ake yin ta, daga 11 zuwa 13 ga Yuli. A Janairu kuwa abin da Ulan Bator ke nuna wa baƙo shi ne ita ce babban birnin ƙasa mafi sanyi a duniya.

Uwargida ta cusa mini suwaita biyu da muka saya a kasuwar Karu, ta ce, "Maigida, ko Jos za ka sun ishe ka." Na ɗora babbar riga a kai, na kafa hula zanna, na bi ta Istanbul. Da na fito daga filin jirgin sama na Chinggis Khaan, wanda aka buɗe a 2021, na ja numfashi ɗaya, gashin hancina ya daskare. Ma'auni yana wajen digiri 30 ƙasa da sifili. Na ciro waya in sanar da gida na sauka lafiya, ita ma ta mutu a hannuna, alhali da cajinta.

Direban da ya ɗauke ni yana zaune a ɓangaren dama, motar kuma tana bin hannun dama, domin yawancin motocin garin gwanjon Japan ne, Toyota Prius ko'ina ka duba. Na yi ta taka birkin da babu shi a gabana. Sai muka shiga cunkoso. Ni da na biya kuɗi don in huta da tsayuwar Nyanya zuwa AYA, ga ni cikin irinta a bayan duniya, babu ko mai tallan gurasa da zai leƙo ta taga. Kusan rabin mutanen ƙasar a wannan birni suke zaune, kuma ranar duk sun fito a lokaci guda.

Na tsaya Dandalin Sukhbaatar ɗaukar hoto. Wata tsohuwa ta dubi takalmina sau-ciki, ta dubi fuskata, ta girgiza kai irin na ta'aziyya. Ita ta sa ɗan jagoran da na ɗauka ya kai ni kasuwar Narantuul, na sayi takalmin gashi da wata jibgegiyar riga da suke kira deel. Kuɗinsu tugrik ne, na riƙa ƙirga dubbai ina jin kaina attajiri, har aljihu ya faɗa mini gaskiya.

Babbar fitina a tanti ta same ni. Jagoran ya kai ni gidan kawunsa, zagayayyen tantin da suke kira ger, ya gargaɗe ni kada in taka dokin ƙofa, babban rashin ladabi ne. Na zuba wa ƙafata ido, na ɗaga ta da kyau, ƙofar kuwa gajera ce, goshina ya gaisa da katako, hula ta riga ni shiga. Aka miƙo shayi da madara. Na kurɓa ina jiran sukari, sai gishiri. Na haɗiye na yi murmushi, mai gidan ya ji daɗi ya ƙara cika kwanon. Aka kawo aaruul, busasshen cuku, na gatsa, har yau haƙorin nan bai yafe mini ba.

Da nama ya iso na tuna ni Bamalike ne, su kuma suna cin doki. Jagora ya fita, babu mai fassara. Na nuna kwanon na yi haniniya. Ɗakin ya yi tsit. Na sake yi, da ƙarfi. Sai kakar gidan ta ajiye ludayi, ta dube ni, ta ce, "Meee!" Yara suka faɗi ƙasa da dariya. Tunkiya ce. Zancen wanda ya yanka ta kuwa ba ya yiwuwa da kukan dabbobi, don haka na koma kan shayin gishiri.

Na dai ga mutum-mutumin Chinggis Khaan bisa doki a Tsonjin Boldog, mita 40 na ƙarfe mai ƙyalli, an gama shi a 2008. Ana hawa har kan dokin a hangi fili. Iska ta hura babbar rigata, wasu 'yan yawon buɗe ido suka bar Chinggis suka koma ɗaukata hoto.

Mutanen kirki ne, masu karɓar baƙo, ƙasar kuma ta cancanci a gan ta. Amma ɗan'uwa, idan za ka, tafi a Yuli, ka riƙe kilishinka da sukarinka, kuma duk wanda ya ce maka Janairu ta fi araha, ka ce ya fara yin gaba.