Zuwa Ga Baiwata Bazazzagiya, Mai Jadawalin Girki

Gaisuwa irin ta uwargijiya da baiwarta. Ya Malam, ya yara, ya fate? Labari ya iso Kano cewa kin waye. An ce kin zana jadawalin girki na mako guda, kin kai Samaru an buga miki a kwamfuta, an sa masa leda, kin manna a jikin firjin da rabonsa da sanyi tun hunturun bara. Ban yi mamaki ba. Tun da aka kafa muku Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Bazazzage ko tsakin kaji zai watsa sai ya rubuta takarda.

Wadda ta gano mini ta karanto shi tsaf. Asabar faten tsaki, Lahadi faten wake, Talata fate da yakuwa, Laraba fate da rama. Haba baiwar Allah! Abin da za ki rubuta da kalma ɗaya, me ya kai ki ɓata tawada?

To bari in koya miki, tunda haƙƙinki yana wuyana. Gidan malami ba ya bin kwanakin boko, wata yake bi. Kin rubuta shinkafa da miya a ranar Litinin da rana, alhali Malam yana azumin Litinin da Alhamis, ga na 13, 14 da 15 ga kowane wata, ga Sitta Shawwal, ga Tasu'a da Ashura. A irin waɗannan ranaku tukunyar rana ta yara ce, ɗanwake ma ya ishe su. Ƙarfin girkin sai bayan la'asar: kunun tsamiya, ƙosai, sannan tuwo mai laushi bayan isha'i, a rage na sahur. Ina gurbin sahur a takardarki? Babu. Ko Malam da leda zai yi sahur?

Sai babbar magana, wadda na san ita ta hana ki barci. Ku biyu ne a gidan, girki kwana bibbiyu. Zagayenku kwana huɗu, mako kuwa kwana bakwai, ba su taɓa daidaita ba. Shi ya sa kazar da kika ajiye wa Juma'a take faɗowa a girkin amarya mako biyu a jere, ke kina ɗaki kina jin ƙamshi kina jan carbi da ƙarfi. Da kin tambayi Bakanuwa, mu da aka haife mu da lissafi, da ban bari kin yi wa kanki wannan ɗanyen aikin ba. Yanzu ga shi kin buga, kin sa leda, ba ya gogewa.

Kuma wa kika ƙidaya? Ke, Malam, abokiyar zama, yara. Ina almajiran zaure? Ina ɗalibin da ya zo daga ƙauye ɗaukar karatu ya ce gobe zai koma, ga shi har ya san inda ake ajiye ludayi? Ina masu rako Malam daga masallaci bayan magariba, waɗanda ba sa tashi sai sun ji ƙarar kwano? A gidanmu in mutum goma ne, na goma sha uku ake aunawa. In baƙo bai zo ba, ɗumame ya samu, kuma ban taɓa jin wanda ya kai ƙarar ɗumame da man shanu ba.

Na san za ki ce ai ku ma kuna kula da maƙwabta. Gaskiya ne, an hore mu da a ƙara wa romo ruwa don a sammu maƙwabci. Sai dai ku rabin farko kuka haddace. Ruwan kuna ƙarawa har mutum ya hango fuskarsa a miya, amma kwanon bai taɓa tsallake katanga ba.

Tsarin gaske a rumbu yake farawa. Da kaka ake sayen dawa da gero da wake, lokacin da Dawanau ta cika ta batse. Lokacin sanyi, da tumatirin Kadawa ya yi araha, a yanka a shanya kauɗa. Kuɓewa a busar, kuka a daka, daddawa a adana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya hau kan kowane kwanon hatsi, mai sayen na yau da na gobe a bakin titi ita ta fi kowa shan wuya. A nan kam ba zolaya nake ba, ki gaya wa Malam. Ko da yake na san amsarsa: Allah zai kawo. Zai kawo mana, amma ki tuna masa cewa Annabi Yusufu ma tanadi ya yi.

Na ji kuma naman layyarku ko Muharram ba ya gani, har wutsiyar ragon da ake ajiye wa daren cika-ciki kun cinye tun kashegarin Sallah. Zan aiko miki da gurasar Jakara da ƙuli-ƙuli, ki yi wa yaran nan bandashe su san duniya da faɗi. Kuɗin sharar bana kuwa kar ki sa rai da tsaba. Ƙullin daddawa uku zan ba ki, shi ma sai kin zo Kano da tsintsiyarki.

Uwargijiyarki,
Bakanuwa